Turaren Furen Lemu da Hannuwan Malama Rakiya

Ba zan faɗi sunana ba. Waɗanda suka san ni a Katsina za su gane ni tun kafin su kai tsakiyar labarin nan, waɗanda ba su san ni ba kuma sunan ba abin da zai ƙara masu. Na rubuta shi ne don 'yan mata da samari masu tasowa, musamman masu irin halina, waɗanda kowa ke yaba wa natsuwarsu har su ma suka yarda ba za su iya cutar da kowa ba. Na yi zaman gidan yari na gama, hukuma ta sallame ni. Amma akwai mace ɗaya da na ɗauki haƙƙinta, kuma yafiyarta kaɗai nake nema yanzu a duniya.

A unguwar Gobarau aka haife ni, a wani tsohon gida da kakanninmu suka bari. Mahaifina ma'aikacin ofis ne, ya rasu ina aji biyu na sakandare, ya bar ni da Inna, mahaifiyata. Ba mu da dukiya, amma ba mu taɓa kwana da yunwa ba. Na faɗi haka tun da wuri don kada wani ya nema mani uzurin talauci. Ni yarinya ce mai shiru. Nakan zauna a tsakar gida da la'asar ina kallon tsattsewa suna kewaya hasumiya, Inna ta yi ta kira sau uku kafin in ji. Ina son littafi, ina kuma rubuta 'yan waƙoƙi a bayan littafin lissafi.

Malama Rakiya ce ta kama ni da su. Ita ke koya mana Hausa. Na ɗauka duka zan sha, sai ta tafi da littafin gida, washegari ta dawo mani da shi ta gyara baitocin da jan biro. Daga ranar ta riƙa ara mani littattafanta. Rubutunta a allo yana da kyau har mukan ji nauyin gogewa. Da na gama kwalejin ilimi na zauna shekara guda ba aiki, ita ce ta kama hannuna ta kai ni shagon ƙawarta Hajiya Uwani mai turare. A gabana ta ce mata, "Hajiya, wannan ɗiyata ce. Ko makullin ɗakinki kika ba ta ba za ki yi da-na-sani ba."

Shagon cike yake da turaruka, amma akwai ɗaya da Hajiya ba ta ajewa a kanta. Yana cikin akwati ƙarƙashin tebur, a wata babbar kwalba mai duhu. Man furen lemu ne, zalla, wanda wani ƙaramin gidan turare a ƙasar Larabawa ke yi. Ba su yin da yawa, kuma ba kowa suke sayar wa ba. Hajiya kan samu kwalba ɗaya ko biyu in ta yi tafiya. Da sirinji ake auna shi a zuba cikin 'yan kwalabe kamar ɗan yatsa, kuma kuɗin ƙaramar kwalba ɗaya ya isa a yi cefanen mako biyu a gidanmu.

Ranar da na fara jin ƙamshinsa sai da na zauna. Da farko yana da ɗan ɗaci kamar an murza ɗanyen ganye, can sai zaƙi ya biyo baya a hankali, kamar zuma a cikin ruwan sanyi. Ban taɓa ganin gonar lemu tana fure ba, amma na ji kamar na taɓa zama a cikinta.

Mata kan yi ƙorafin tsadarsa. Hajiya ba ta ragi, amsarta ɗaya ce kullum: "Mai arhan nan sau biyar za ki shafa kafin azahar. Wannan ɗigo biyu, ki wanke mayafin ma yana nan. To wanne ne mai tsadar?" Gaskiya take faɗi. Turaren ya ci kuɗinsa. Ni kuma na ƙara masa da abin da na iya, na riƙa rubuta masa 'yan kalmomi muna ɗorawa a waya. Na taɓa rubuta cewa ƙamshinsa kamar safiyar da aka yi ruwa da asuba ne, a gidan da ba a kwana da faɗa ba. Matan manya suka riƙa aiko direbobi. Hajiya ta ji daɗi, ta damƙa mani makullin akwatin da sirinjin.

Ɗigo ɗaya na fara ɗauka. Wata rana bayan na gama aunawa, sai na ga saura a bakin sirinji, na shafa a wuyan hannuna. Na wuni ina sunsunawa. A hanyar gida wata mata ta tsayar da ni ta tambaye ni sunan turaren, ta dube ni irin duban da ba a taɓa yi mani ba. Washegari ban jira saura ba, na ɗiba da gangan. Bayan mako biyu na cika 'yar kwalba na sa a jaka. Don kada Hajiya ta ga babbar kwalbar ta yi ƙasa, na cike gurbin da wani mai marar ƙamshi da muke sirka turarukan arha da shi. Ban kira abin sata ba. A raina na ce ai kalmomina ne ke sayar da shi, ina da rabo a ciki.

Hajiya ta manyanta, hancinta ya rage kaifi, kuma tana yawan tafiya. Sai na ƙara ɗiba. Na fara sayarwa a gida, ina cewa Hajiya ce ta ba ni izinin yi wa na kusa sauƙi. Kwalba ɗaya ta gaskiya nakan mai da ita huɗu.

Ba a jima ba ƙorafi ya fara zuwa. Wata matar ma'aikacin banki ta ce na da yakan kwana a mayafinta, wannan kuwa kafin la'asar ya gudu. Na yi murmushi na ce mata hancinta ne ya saba, wanda ya daɗe yana shafa turare ɗaya yakan daina jin sa, amma mutane na ji. Wannan magana gaskiya ce a kan turaren ƙwarai, shi ya sa ƙaryar ta zauna. Matar har godiya ta yi mani. Na faɗi maganar nan ga mata sun fi ashirin, da murya mai taushi, kowace ta tafi tana zargin hancinta.

Da sirkin ya yi yawa sai ƙamshin ya kwanta, ko an buɗe kwalba ba ya tashi. Wani mai sayar da kwalabe a Babbar Kasuwa, wanda ya lura da yawan sayayyata, ya ba ni shawara ba tare da na tambaya ba. Ya ce in ƙara sifirit, ruwan nan mai saurin kama wuta da ake goge rauni da shi, da an buɗe murfi ƙamshin zai yi tsalle ya tarbi hanci. Na gwada na ga haka ne. Na ƙara da dabarar kaina: in na cika kwalba sai in shafa na gaskiya a bakin murfin. Duk mai saye abin da za ta fara ji shi ne wanda ba ta samu ba. Daga baya sifirit ɗin ya fi man yawa, a nawa da na shagon duka.

Me na yi da kuɗin? Waya sabuwa, laffaya uku, takalma, da littattafai masu kyan bango da ban samu natsuwar karantawa ba. Inna ta tambaye ni sau ɗaya, na ce Hajiya ce ke ba ni la'ada. Ta ɗaga hannu ta yi ta sa wa Hajiya albarka, ni kuma ina cewa amin.

Wata Asabar da hantsi Malama Rakiya ta zo gidanmu. Bayan sun gaisa da Inna sun taɓa hira, ta ce 'yarta Asma'u za ta yi aure, ita ke nan gare ta, kuma ta ƙudura da hannunta za ta haɗa mata turaren wuta, ba na kasuwa ba. Ta daɗe tana tari don wannan. Tana son ɗakin amarya ya yi ƙamshin furen lemun da take karantawa a rubutuna. Babbar kwalba take so.

Ga wanda bai sani ba, turaren wuta a tukunya ake haɗa shi. Ana narka sukari a zuba itacen sandal a yi ta juyawa, sannan a kwarara man turare tukunyar na kan wuta kaɗan-kaɗan don itacen ya sha. Na san haka sarai, don na sha ganin Inna tana yi.

Na shiga ɗaki. Na gaskiyar da ya rage mani bai kai rabin cokali ba. Ba zan iya tura ta shago ba, don na can ma na ɓata shi. Na tsaya riƙe da kwalbar sirki ina jin muryarta a tsakar gida tana ba Inna labarin anko. Sai na shafa na gaskiya a bakin murfi na fito.

Ta buɗe ta sunsuna, ta lumshe ido. Sannan ta ce, "Zallan mai ne ko, ɗiyata? Kin san a kan wuta zan zuba shi."

Na ce, "Zalla ne, Malama."

Ta biya ba ta nemi ragi ba. Ta ƙara mani wani abu a kai, ta ce in sayi littafin rubutu, kada turare ya raba ni da waƙa.

Na raka ta bakin titi muka tsaya jiran kurkura, keken hayar nan mai ƙafa uku. Kalmomi kaɗan ne za su tsare komai: Malama, ki sauke tukunyar daga wuta kafin ki zuba. Sau uku suna zuwa bakina. Amma na san za ta tambaye ni dalili, kuma Malama ba a yi mata rabin bayani. Na ce a raina zan kira ta a waya. Kurkura ta zo, ta hau, ta ɗago mani hannu. Da yamma na ce gobe. Washegari na ce ai sifirit ɗin zai bi iska kafin ya taɓa wuta. Kwana huɗu ina da wayar a hannu da lambarta a ciki. Wannan kwana huɗun su ne laifina na gaske, sun fi satar duka nauyi.

Ranar Laraba bayan azahar ta ɗora tukunya a kicin ɗinta a unguwar Kambarawa. Yadda abin ya faru daga bakin Asma'u na ji shi, a kotu. Ta ce mahaifiyarta ta sunkuya tana juya sandal da hannu ɗaya, ta kwarara kwalbar da ɗayan. Wuta ta tashi har rufi. Hijabin da ke jikinta mai santsi ne, ya kama, ya narke ya manne mata a wuya da ƙirji. Da hannuwanta biyu ta riƙa yage shi. Kafin Asma'u ta lulluɓe ta da jiƙaƙƙen bargo, hannuwan sun gama ƙonewa.

Na je asibiti dubiya tare da Inna. An naɗe ta da bandeji har haɓa. Da ta gan ni ina kuka sai ita ta koma lallashina. Da ƙyar muryarta ke fita, ta ce kada in damu, ƙila ita ce ta ƙure gas ɗin, tsufa ya fara taɓa ta. Na tsaya a gefen gadon na bar ta ta ɗauki laifin.

Hajiya Uwani ce ba ta yarda ba. Ta karɓi kwalbar daga wurin Asma'u, akwai ɗan saura a gindinta. Ta kira ni shago ta rufe ƙofa. Ta ɗiga sauran a faranti ta ƙyasta ashana, wuta shuɗiya ta tashi fuu. Ta buɗe akwati ta ɗiga na babbar kwalbarta a wani farantin, ta sake ƙyastawa. Shi ma haka. Ta daɗe tana kallon wutar har ta mutu, sannan ta ce, "Shekara talatin ina sayar da turare. Mai ba ya yin haka. Tun yaushe?"

Na faɗa mata komai. Ita ta kira 'yan sanda.

A kotu ban yi musu ba. Alƙali ya tambaye ni ko na san a kan wuta za a zuba shi, na ce na sani, an faɗa mani. Na ji mutane sun yi salati a bayana. Malama ba ta zo ba, tana kwance, amma an kai mata labarin wannan amsar. Aka yanke mani shekara uku.

Ba zan tsawaita a kan gidan yari ba. Wanda ya rayu da hancinsa, can ne ake fara hukunta shi. Ɗaki ɗaya mu da yawa, da bokitin bayan gida a lungu. Matan suka sa mani suna Mai Turare. In bokitin ya cika sai wata ta ce, "Mai Turare, taso ki fesa mana na furen lemun nan, baƙi za mu yi." A yi ta dariya. Ban taɓa ramawa ba. Inna na zuwa duk wata da dambu a kwano. Ba ta taɓa yi mani faɗa ba, ko sau ɗaya. Daga bakin wata maƙwabciya na ji cewa ta daina zuwa biki da suna, ko gaisuwar mutuwa sai ta bari mutane sun watse. Na kuma ji shagon Hajiya ya rufe, don ba wanda ya ƙara yarda da kwalbar da ta fito daga cikinsa. Auren Asma'u an ɗaga shi, daga baya aka ɗaura ba taro. Malama ta bar koyarwa, don yatsunta sun ƙanƙance sun manne da juna, ba su riƙe alli.

Akwai wata malamar Islamiyya da ke zuwa mana duk Alhamis. Na tambaye ta ko Allah zai karɓi tubana. Ta ce abin da ke tsakanina da Allah ƙofarsa a buɗe take, amma haƙƙin mutum sai mai shi ya yafe. Daga ranar na fara rubuta wa Malama wasiƙa. Na rubuta goma sha ɗaya, na zuba duk iya kalmomin da ta koya mani. Ko ɗaya ba a amsa ba.

Da aka sallame ni na iske Inna ta rame, tana tafiya tana dafa bango. Na kira Hajiya Uwani a waya, ta ce ta yafe, amma kada ta ƙara ganin ƙafata a inda take. Na yi sati biyu ina tara ƙarfin hali, sannan Inna ta raka ni Kambarawa.

Malama na zaune a kan tabarma a inuwar baranda. Ta karɓe mu kamar baƙin kirki. Ta tambayi Inna gida, da jiki, da mutanen Gobarau ɗaya bayan ɗaya. Ta sa aka kawo mana ruwa. Ni ma ta ce mani an fito lafiya, Allah ya kiyaye gaba. Hannuwanta na cikin mayafi, sai da ta zo gyara zama suka fito. Ban iya ci gaba da kallo ba. Na durƙusa na faɗi abin da na zo faɗa, ba da kalmomin wasiƙa ba, don duk sun gudu. Inna ma ta sa baki, ta ce a dubi maraicina.

Malama ta mai da hannuwanta cikin mayafi. Sannan ta ce wasiƙuna na nan a akwati, ba ta bari an buɗe ba, don ta san na iya rubutu, kuma ba ta so rubutu ya sa ta faɗi abin da ba ya zuciyarta.

Ta ce, "Wutar ban riƙe ki da ita ba, ƙaddara ce. Amma na tambaye ki, kika dubi idona. Kuma kika zo asibiti kika bar ni ina ba ki haƙuri." Ta numfasa. "Ba zan yi maki ƙarya ba, ɗiyata. Kullum in na yi salla ina roƙon Allah ya ba ni ikon yafe maki. Har yau bai ba ni ba. In na ce na yafe, baki ne kawai. Ki je, ki dawo wani lokaci."

Na koma bayan wata shida. Na sake komawa bayan azumi. Kowane zuwa tana karɓata da ruwa da gaisuwa, kuma amsar ba ta sake ba. A zuwan ƙarshe na iske ta kwance, hawan jini ya taɓa mata ɓari ɗaya, magana na yi mata wuya. Da na tambaya, kai kawai ta girgiza a hankali, hawaye na bin gefen idonta. Na ga ita ma abin na cin ta. Na hana ta hannuwa, na kuma ɗora mata nauyin da take tsoron zuwa gaban Allah da shi.

Yanzu ina gida. Ba mai ɗaukata aiki, kuma ban ga laifin kowa ba. Ina taya Inna ɗinkin hula. Ban ƙara rubuta waƙa ba.

Ku matasa, ga abin da zan ce maku. Kada ku amince da kyan halin da ake yabonku da shi, ni ma an yabe ni. In aka ba ku amanar abu mai daraja, ɗigon farko shi ne wurin tsayawa, don bayansa za ku sami sunan da za ku kira satar da shi wanda ba sata ba. Kada ku sayar wa mutum abin da ba shi ne kuka ce ba, domin ba ku san inda zai kai shi ba, ba ku san a kan me zai zuba shi ba. In kuwa kun riga kun yi, kuma kuna da sauran damar magana, ku yi ta yau. Kunyar da na guje wa a bakin titi ta minti ɗaya ce. Da na sha ta, da Malama ta yi fushi, da Hajiya ta kore ni, da an yi da ni a unguwa wata biyu an manta.

Shekarun da alƙali ya yanke suna da ranar ƙarewa. Wannan jiran ba shi da ita, kuma wadda nake jira jikinta kullum baya yake yi. Duk wanda ya karanta wannan, ba na roƙon ya tausaya mani. Ku roƙa wa Malama Rakiya lafiya da tsawon rai. Ba zan ɓoye maku ba, har a cikin wannan roƙon akwai son kaina.